Hoton iyali da ƙananan yara: yadda za a shirya don kada a tashi da kuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Yamai, ina da yara uku: babbar mace ce mai shekara 5, na tsakiya namiji ne ɗan shekara 2 da rabi, sai auta ɗan wata 9. Surukata za ta zo daga Tawa ta yi babbar salla da mu, maigida kuma yana son a ɗauki hoton iyali da za a wanke babba a rataye a falo. Bara mun je studiyo ranar salla, na tsakiyan ya yi ta kuka har muka dawo ba hoton kirki ko ɗaya. Yaya zan shirya bana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yara, ya kawo Hajiya Babba, surukarki, lafiya.

Abin da ya faru da ku bara ba laifin yaron ba ne. An kai shi baƙon wuri, cikin zafi da cunkoso, sanye da sabon kaya mai ƙaiƙayi, wataƙila lokacin barcinsa ya yi, sannan wani da bai taɓa gani ba ya ce masa ya tsaya cak ya yi murmushi. Ɗan shekara 2 bai san amfanin hoto ba, kuma haƙurinsa a gaban kyamara ba ya cika wuce minti 10 zuwa 15. Don haka duk shirin da za ki yi, ki ɗora shi a kan wannan yaron da ƙaninsa: barcinsu, cikinsu, da abin da ke taɓa fatarsu. Manya su ne za su bi lokacin yara.

Mu fara da ranar. Kada ki zaɓi ranar salla kanta. Kin san yadda ranar layya take a Yamai: an tashi tun asuba, an je idi, an dawo an yi yanka da fiɗa, an kafa raguna a jere a bakin wutar itace, hayaƙi ya cika unguwa har dare. Maigida yana kan nama, ke kina kan kayan ciki da baƙi, yara sun gaji, idonsu ya yi ja. Washegari kuma rabon nama ne da yawon barka da salla, sannan masu hoto duk layi ne a wurinsu. Rana ta uku ko ta huɗu ta fi, ko kuma kwana ɗaya ko biyu kafin salla idan tela ya ba da ɗinki kuma Hajiya ta riga ta iso ta huta. Ni na fi son kafin salla, domin kayan ba su ga maiƙo ba tukuna, kitso da lalle kuma suna sabbi.

Sai sa'ar da za a ɗauka. Ki lura da yaran kwana biyu ko uku, ki ga ƙarfe nawa suke tashi, ƙarfe nawa barcin rana yake kama su. Lokacin da yaro ya fi sakin fuska shi ne kamar rabin awa zuwa awa ɗaya bayan ya tashi daga barci ya ci abinci. Sai ki haɗa wannan da hasken rana. A ƴan shekarun nan babbar salla tana faɗowa ne a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da rana ke fitowa a Yamai wajen ƙarfe 6 da rabi, ta faɗi bayan ƙarfe 7 na yamma kaɗan. Ke nan kina da lokaci biyu masu kyau: daga ƙarfe 7 zuwa 8 da rabi na safe, ko kuma daga 6 saura kwata zuwa 7 saura kwata na yamma. Ga yara irin naki safiya ta fi. Gari bai ɗauki zafi ba, ba su yi wasa sun yi gumi ba, ransu bai ɓaci da komai ba tukuna. Da yamma ƙasa da bango suna nan suna fitar da zafin da suka sha, domin a Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kuma da an ɗan makara magariba ta kawo jiki, hankalin kowa ya koma kan alwala da shigar da yara ɗaki. Tsakanin ƙarfe 10 na safe da la'asar kuwa kada a ɗauka a fili ko kaɗan: rana tana tsaye bisa kai, tana zuba inuwa a cikin ramin ido da ƙarƙashin hanci, kowa ya runtse ido, goshi yana ƙyalli. Tun da damina na shigowa, ki tanadi wuri na biyu mai rufi, saboda hadari na iya tasowa da iska da jar ƙura ba sallama.

Game da wuri, shawarata ita ce ki kira mai hoto gida. Yaro a gidansu ba ya jin tsoro kamar a waje, ga ruwa, ga abinci, ga wurin canza kunzugu, ga fanka. Abin da za ki nema a gidan shi ne inuwa mai faɗi wadda take kallon sarari: bakin baranda, gefen bangon da rana ba ta bugawa a wannan sa'ar, ko ƙofar zaure daga ciki. A zaunar da mutane a cikin inuwar kusa da bakinta, fuskokinsu suna kallon inda haske ke shigowa. Hasken da ya zo ta haka mai laushi ne, yana fito da baƙar fata da kyau, yana kuma sa ɗan ƙyalli a cikin ido. Inuwar dogon yaro tana da daɗin zama amma tana ɓata hoto, domin rana tana ratsowa ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, wani kuncin fari fat, wani duhu. Haka rumfar tanti shuɗiya ko kore ko ja: launinta zai sauka a kan fatar kowa, kuma gyara wannan daga baya wahala ne. Kwana ɗaya kafin nan ki tsaya inda mai hoto zai tsaya, a daidai sa'ar, ki ɗauka da wayarki ki duba abin da ke baya. Buta, bokiti, igiyar shanya, babur, tsintsiya, wayar lantarki, duk ido ya saba da su ba ya ganinsu, amma a hoton da ke rataye a falo su ne za a fara gani. A kwashe su. Kada kuma a jingina mutane da bango. A bar tazarar kamar mita 2, don bangon ya ɗan dishe kuma inuwarsu kada ta hau shi. Bango mai launin ƙasa ko ruwan toka ya fi fari.

Idan maigida ya fi son waje, gidan tarihi na Boubou Hama yana da itatuwa da fili, sai dai dabbobin da ke ciki za su ɗauke hankalin yara, don haka a yi hoton farko, kallon dabbobi ya zama ladan da aka yi musu alkawari, kuma a tambayi masu ƙofa ƙa'idar shiga da kyamara. Bakin kogi ta wajen Gamkalle ko Yantala yana da haske mai kyau da yamma, amma akwai sauro da zarar rana ta yi ƙasa, kuma dole a sami babba guda wanda ba shi da wani aiki sai riƙe hannun na tsakiyan. A nisanci gadoji da barikoki da gine-ginen hukuma da duk inda jami'an tsaro ke gadi. Idan kuwa studiyo za a koma, ki nemi a ba ki layin farko da safe, ku isa da minti 15 a gaba don yara su saba da ɗakin, kuma ki tambaya ko suna da abin da za su kunna idan wuta ta ɗauke. Ɗakin studiyo rufaffe ne, in fanka ta tsaya ba yaron da zai jure.

Yanzu tufafi, kuma a nan ne mafi yawan kukan yake farawa. Sabuwar shadda da aka buga tana da tauri, aikin zare da ke wuyan riga yana da kaushi ta ciki, leshi kuma yana cizon hammata. Babba zai daure, yaro ba zai daure ba, kuma ba zai iya gaya miki inda ke damunsa ba sai dai ya yi ta jan wuyan rigar yana kuka. Ki karɓi ɗinki aƙalla mako guda kafin ranar. Ki juya rigar ki shafa cikinta da bayan hannunki, duk inda ya karce ki to zai karce shi. Tela zai iya ɗora sassauƙan yadin auduga a bayan aikin. Ki sa wa na tsakiyan kayan a gida na rabin awa, sau ɗaya ko biyu, da singiletin auduga a ciki, ya yi tafiya, ya zauna, ya ɗaga hannu. A nan za ki gane ko wandon yana zamewa, ko wuyan ya matse, ko hannun ya rufe yatsu. Iyaye da yawa suna ɗinka wa yaro kaya da girma don ya daɗe yana sawa, wannan dabara ce mai kyau ga aljihu, amma a hoto yaron yakan nutse a cikin riga. A kama hannu da ƙafar wando da ɗinkin wucin gadi, bayan salla a warware. Takalmi ma haka, sabo yana cizo. Idan a kan darduma za a zauna, ƙafa ba takalmi ta fi kyau. Hula kuwa, ɗan shekara 2 zai cire ta. A ɗora masa ita a daƙiƙar ƙarshe, in ya cire sau biyu a bar shi ya riƙe ta a hannu. Autan a sa masa abu mai laushi mara maɓalli a baya, mai sauƙin buɗewa ta ƙasa.

Launi yana da nasa sharaɗin. Kyamara ba ta iya ɗaukar fari mai tsananin haske da fata mai duhu a lokaci guda kamar yadda ido ke yi. Idan kowa ya sa farar shadda mai sheƙi, ɗayan biyu ne zai faru: ko mai hoto ya bi kayan, fuskoki su yi duhu, ko ya bi fuskoki, kayan su ƙone su zama fari fat, aikin da aka kashe wa kuɗi ya ɓace. A inuwa abin yana raguwa, a rana ko da filasha, wato fitilar kyamara mai walƙiya, yana ƙaruwa. Ruwan madara, ruwan ƙasa, sararin samaniya, ruwan toka, kore mai duhu, jan garura, duk sun fi fari sauƙin ɗauka. In maigida ba zai bar fararen kayansa ba, to a bar shi, amma sauran su sa masu launi, kuma a ajiye shi ta gefen da haske ya fi rauni. Anko yana da kyau, sai dai atamfa mai manyan zane idan ta hau jikin mutum shida, ido ba ya samun fuskoki. Ya fi a zaɓi launi biyu ko uku da suka dace, mutum ɗaya ko biyu su sa mai zane, sauran su ɗauki launi daga cikin zanen su sa yadi mara ado. Yadi mai siraran layuka a matse kuma yakan yi wani irin rawa a hoto, kamar igiyar ruwa, a guje shi. Ki shimfiɗa kayan kowa a kan gado ki ɗauka da waya, za ki ga wanda ya fita daban.

Ranar ɗauka, yara su ne na ƙarshe a sa kaya. Manya su gama shiri tsaf, ɗaurin ɗankwali da kwalliya da komai, mai hoto ya iso ya kafa kayansa ya gwada haske da babban mutum, sannan a sa wa babbar, sai na tsakiya, sai auta. Yaron da aka shirya tun da awa guda ya zauna jiran uwa ta gama ɗauri, ya riga ya ƙarar da haƙurinsa kafin a fara. Ki ajiye kayan canji ɗaya ga kowanne cikin ƙananan biyu, da tsumma mai laushi a jiƙe, da kunzugu biyu.

Kitson babbar a yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar, kuma ki ce wa mai kitso kada ta ja. Sabon kitso mai tsauri yana ɗaga gira, yana sa ciwon kai, yana hana barci, washegari yarinya ta tashi fuska a kumbure. Askin namijin ma kwana biyu kafin nan, don fatar kan ta koma daidai. Lalle a yi na gargajiya, na ganye. Baƙin nan da ake zanawa ya kama cikin ƴan mintoci sau da yawa akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa, yana iya ƙona fatar yaro ya bar tabo, kada a sa wa ƙananan. Kwalli kuma, na san al'ada ce, kuma Hajiya za ta so ta ga an sa wa jikanta, amma kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwa da yawansa yana ɗauke da dalma, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Ki yi mata bayani cikin ladabi, ko maigida ya yi. Idon jariri ba ya bukatar ƙari a hoto. Man shafawa a shafa kaɗan, awa guda kafin a fara, don ya shiga jiki. Idan ba a shafa ba gwiwa da gwiwar hannu da ƙafa su yi furu-furu, idan aka cika kuma goshi da hanci su yi ta walƙiya. Man kaɗe ɗan kaɗan ya isa, a goge goshi da tsumma kafin a zauna. Hoda fara a fuskar yaro tana fitowa toka-toka, a bar ta. A duba hanci da gefen baki da kwantsa a ido a minti na ƙarshe.

Ciki kuma: su karya da abin da suka saba, koko ko kunu ko shayi da burodi, kafin a sa kaya. Autan ki ba shi nono minti 20 zuwa 30 kafin a fara, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, da tsumma a kan kafaɗarki don kada ya yi tumbuɗi a kan kayanki. Abin da za a riƙe na lallashi ya zama busasshe mara launi, kamar biskit a gutsuttsure, da ruwa. Ban da cakulan, ban da mangwaro, ban da lemon kwalba mai rina harshe. Gyaɗa da alawa mai tauri da dabino mai ƙwallo kada a ba ɗan shekara 2 yana tsaka da dariya ko kuka, suna iya sarƙe shi. Kuma kada a nuna masa biskit ɗin tun farko, in ya gani ba sauran zance sai shi.

Autanki yana daidai shekarun ƙiwa. Daga wajen wata 7 ko 8 jariri yake fara bambance nasa da baƙo, abin kuma yakan yi ƙarfi har bayan shekara ɗaya. Wannan ya shafi mai hoto, ya kuma shafi Hajiya kanta idan bai saba ganinta ba. Shi ya sa nake son ta kwana biyu a gidan kafin a ɗauka. In har bai sake da ita ba, kada a tilasta a ɗora mata shi. Ki riƙe shi ke, ki zauna dab da ita, kafaɗa da kafaɗa, a hoto zai fito kamar a tsakaninku yake. Mai hoto kuma in ya san aikinsa ba zai shigo ya nufi yara da kyamara ba. Zai gaisa da manya, ya zauna ƙasa-ƙasa, ya bar na tsakiyan ya zo da kansa ya leƙa, ya ɗauki hoton ƙafarsa ko na yayarsa ya nuna masa. Minti biyar ɗin nan su ne suke sayo sauran.

Ina roƙonki abu guda da babbar murya: kada kowa ya tsorata yaro ko ya daka masa tsawa don ya tsaya. Ba "ga dodo nan", ba "za a yi maka allura", ba zare ido, ba rankwashi. Yaron da aka tsorata zai iya yin shiru, amma idonsa zai cika da ƙwalla, kafaɗarsa ta ɗage, kuma wannan fuskar ce za ta zauna a bangon falonku shekara da shekaru. Ki gaya wa maigida da duk wanda zai kasance a wurin tun kafin ranar. Haka kuma kada mutum biyar su tsaya ta ko'ina suna kiran sunansa suna tafi. Kowane yaro zai kalli wani gefe daban. Mutum ɗaya tak, wanda yaran suka fi so, ƙanwarki ko ƴar maƙwabta, ta tsaya a bayan mai hoto, kanta dab da kyamara, da abin wasa mai ƙara ko tana leƙowa tana ɓuya. Sauran masu kallo su koma ciki. Waya kuma kada a ba shi don ya yi shiru, karɓe ta sabon kuka ne.

A fara da hoton da aka taru dominsa, na kowa da kowa, tun yara suna da sauran marmari. Hajiya a tsakiya a kan kujera mara dogon baya, maigida a gefe guda, ke a ɗaya gefen da auta a cinyarki yana kallon gaba, hannunki ɗaya a cikinsa. Babbar ta tsaya a jikin kakarta ta dafa kafaɗarta. Na tsakiyan shi ne na ƙarshe da za a kawo, bayan kowa ya zauna an gama gyara riga. A tsayar da shi tsakanin gwiwoyin babansa ko a ɗora shi a cinya, a riƙe shi sako-sako; da ya ji an matse shi zai fara banƙarewa. A ba shi aiki: ya riƙe hannun ƙaninsa, ya riƙe carbin kaka, ya nuna inda tsuntsu yake a kan kyamara. Kawuna kada su jeru a layi ɗaya kamar hoton ƴan makaranta, wani ya ɗan fi wani tsawo, kuma a matso sosai har kafaɗu su haɗu, domin ɗan ratar da ba a gani a zaune, a hoto yakan zama babban gibi. Manya kuma ku riƙe wannan: ku ci gaba da kallon kyamara da sakin fuska ko me yaro yake yi. Hotuna da yawa suna lalacewa ne a daidai daƙiƙar da yaro ya yi dariya, uwa kuma ta sunkuya tana gyara masa riga.

Akwai kunya, kuma ba sai an yi faɗa da ita ba. Ba kowace mace ce za ta iya zama jiki da jiki da miji a gaban surukarta ba, wata kuma ba ta rungumar ƴar fari a gaban manya. Zaman da na faɗa ya warware wannan, tun da Hajiya ce a tsakaninku kuma ƴar farin tana jikinta. Wasan kaka da jika kuwa shi ne maganin murmushin dole. A bar Hajiya ta tsokani na tsakiyan da "maigidana, ina kuɗin cefane", ta kira babbar yarinyar kishiyarta, dariyar da za ta fito a nan ta fi duk wadda mai hoto zai roƙa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a daidaita wurin zama da yawan hotunan kowane ɗaki tun kafin mai hoto ya zo, uwargida a inda ya dace da ita, don kada a yi wannan maganar a gaban baƙo. Bayan babban hoton sai Hajiya da jikoki, sai yara su uku a kan darduma da babba a kusa da auta, sai ke da maigida da yara, sannan kowane yaro shi kaɗai. Na manya zalla a bar shi ƙarshe, su suna iya jira. Duka kada ya wuce minti 30 zuwa 40 har da hutu.

Idan kuka ya ɓarke, a tsaya. A cire shi daga wurin, a ba shi ruwa, a zaga da shi minti biyar, a ɗauki wasu kafin ya dawo. In auta ne, ki goya shi; hoton goyo daga gefe, fuskarki da tasa suna kallon wuri ɗaya, yana daga cikin waɗanda za ki fi so daga baya. In kuwa yaro ya tashi da zazzaɓi ko gudawa, a ɗage, a nufi likita.

Wajen zaɓen mai hoto, ki ce ya nuna miki hotunan iyali masu ƙananan yara da ya ɗauka, ba na amare kaɗai ba, ki duba ko idanun yaran sun fito tar kuma fatar mutane tana nan da launinta. Ga abin da ya kamata ya yi, ko da ba ke za ki taɓa kyamarar ba: saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in yara suna motsi 1/500, in ba haka ba hannu da kai za su yi hazo. Buɗin idon kyamara f/5.6 ga mutum shida a kusan layi ɗaya, f/8 in layi biyu ne, f/1.8 da ake so don baya ya dishe zai fito da mutum ɗaya ya bar sauran a dishe. Gara ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600 da ya rage sauri. Gilashin kyamara mai milimita 50 ko 85 ya fi, ya ja baya, ya durƙusa har kyamara ta zo daidai idon waɗanda ke zaune, ya auna haske a kan fuska. Ya riƙa ɗauka a jere, biyar ko goma a lokaci guda, domin a cikin mutum shida kullum akwai mai ƙiftawa. Filasha ba ta lalata idon jariri, amma tana firgita shi, kuma in aka harba ta kai tsaye tana sa shadda da goshi walƙiya. A inuwa mai kyau farin zanen gado da mutum biyu suka riƙe ta gefe ya isa ya mayar da haske kan fuskoki. Idan da waya za a ɗauka, a goge gilashinta, a ja baya mita 3 a sa 2x, wato jawo hoto kusa ninki biyu, in tana da shi, kada a matso da faffaɗan gilashi domin yana kumbura kan na gaba yana miƙe na gefe, kuma a kashe abin gyaran fuska.

Ku yi magana a kan kuɗi da abin da za a ba ku tun kafin ranar: hoto nawa za a gyara, nawa za a wanke, wane girma, yaushe za a kawo, kuma ko za a ba ku na asali. Ki gaya masa ƙarara kada ya haskaka fatar kowa. Ki gaya masa kuma ko kin yarda ya sa hoton yaranki a Facebook ko a allon shagonsa; in ba ki yarda ba ki faɗa a gaban maigida, hakkinku ne. Na asalin a karɓe su a kan katin ajiya ko makullin USB. In ta WhatsApp za a turo, a turo su a matsayin takarda, wato "document", domin turawar da aka saba tana matse hoto, tsawonsa ya koma kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1600, wanda ya isa kallo a waya amma in aka wanke shi babba sai ya farfashe. Hoton santimita 20 da 30 yana son kusan fiksel 2400 da 3600. Ki kuma sanar da shi girman da za a rataye tun kafin ya ɗauka: yawancin manyan kyamarori suna ba da siffar da ta dace da 20 da 30 ko 30 da 45, waya kuma da 30 da 40, in aka saɓa sai an yanke gefe, abin da ake yankewa kuwa kafaɗar na ƙarshe ce ko ƙafar yaro. Ya bar ɗan fili ta kowane gefe. A wanke ƙarami ɗaya na 10 da 15 a duba launin kafin a biya kuɗin babban, a yi biyu don Hajiya ta koma Tawa da nata, kuma a rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa ta taga kuma ba ya tsatsafar ruwa da damina.